Gargaɗi ga masu neman tsofaffin kekunan tsere: akwai mai sayar da firam na jabu

Assalamu alaikum. Jama'a masu sha'awar tayar da tsofaffin kekunan tsere na ƙarfe, don Allah a yi hattara. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan saye da sayarwa na Facebook yana tallar firam, wato gangar jikin keke, da sunan Colnago da Bianchi na Italiya da Raleigh na Ingila na 'yan tsere, wai kai tsaye daga Turai, alhali fayif ne na gama-gari aka fesa wa fenti aka manna wa sitika. Ba zan kama suna ba, domin shi kansa ba suna ɗaya yake amfani da shi ba, yau wannan gobe wancan, lambar wayar ma haka. Salon aikinsa ne bai canza ba, shi ne kuma zan warware muku.

Yakan fara da hotuna masu ɗaukar ido: firam tsaf a jingine da bango, fenti na sheƙi, an ɗauki sitikar fayif kusa-kusa. Sai labari ya biyo baya, wai wani tsohon Bature ne ya rasu, magada suka sayar da kayan garejinsa, kwantena ta iso amma kayan suna Legas ko Kwatano. Farashin da yake sawa ya yi ƙasa da na Turai sosai, amma bai faɗi ƙasa har mutum ya tsargu ba. Da ka nuna sha'awa zai ce wani ya riga ka magana, sai dai shi ya fi so kayan su je hannun wanda ya san darajarsu, don haka ka tura kafin alƙalami ya ajiye maka. Bayan kwana biyu sai kuɗin fito, sai kuɗin dako, sannan ya ce ya kai tasha amma ba zai ba ka lambar direba ba sai ka cika. Wasu daga nan suke daina samunsa a waya. Wasu kuma kwali yana zuwa musu da firam a ciki, kuma wannan ɗin ya fi muni, domin ya samu bakin cewa ai ya aiko, kai ne ba ka san kaya ba.

Ya iya bakin masu harkar. Zai ambaci Reynolds 531, ya ambaci Columbus SL, wato nau'o'in fayif masu daraja da ake ƙera firam da su, ya ce kunnuwan da ake ɗaura wilin baya na Campagnolo ne, kamfanin kayan keke na Italiya. Mu da muka tashi muka tarar da Raleigh a ƙofar gidajen iyayenmu, har a Kano an taɓa harhaɗa shi, sunan kaɗai yana sa zuciya ta kwanta. Da wannan amincin yake cin kasuwa.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne sitika ba shaida ba ce. Ana buga sababbin sitikun Reynolds da Columbus da na kusan duk tsofaffin kamfanonin nan, ana sayar da su a fili a intanet, kuma ba laifi ba ne, saboda wanda ya sake wa kekensa na gaske fenti yana bukatarsu. Duk wanda ke da kuɗin takarda ɗaya zai iya manna ta a jikin kowane ƙarfe. Shaidar tana jikin ƙarfen, kuma ana iya auna ta.

Wani yaro ɗan unguwarmu ya kawo mini wanda aka aiko masa da sunan Colnago Super, yana murna, yana so in taya shi harhaɗawa. Ja ne, rubutun fari, daga nesa ba ka cewa komai. Na juya shi na kalli ƙarƙashin gidan feda, wato guntun fayif ɗin da sandar feda ke juyawa a ciki. A Colnago Super na shekarun 1970 akwai furen nan mai kunne uku irin na jikin karta, an huda shi a ƙarfen, ana kuma samunsa a mahaɗar wuya da kan fok, wato ƙarfen da ke riƙe wilin gaba. A nan babu komai, sai sitikar furen a wuya. Na zura yatsa cikin ramin sirdi, na ji layin walda yana bin tsawon fayif ɗin, alamar falle ne aka naɗe aka like, alhali Columbus SL da Reynolds 531 ba su da ɗinki. Kunnuwan da ake ɗaura wilin baya kuwa siraran falle ne da inji ya datsa, an matse su cikin bakin fayif. Na kirki masu kauri ne, ƙirarru, galibi da sunan Campagnolo a jiki da ɗan ramin sukurun saita wili. Yaron ya tsaya yana kallon hannuna, bai ce uffan ba. Kuɗin da ya daɗe yana tarawa ne.

Awon da ya fi saurin tona asiri shi ne na sandar sirdi. Fayif ɗin da take shiga, a kekunan Ingila da Italiya, kaurinsa daga waje milimita 28.6 ne. Ƙarfe mai kyau yana da ƙarfin da za a iya sirantar da bangonsa, a Columbus SL kaurin bangon wannan fayif ɗin a sama, inda sanda ke shiga, milimita 0.6 ne kacal, a ƙasa wajen gidan feda 0.9. Bango siriri yana barin rami mai faɗi, shi ya sa sandar sirdin irin waɗannan firam ɗin take zama milimita 27.2. Ƙarfe mai araha dole a yi shi da kauri don kada ya lanƙwashe, sai ramin ya tsuke, sanda ta koma 25.4 ko kusa da 26. Na yaron nan 25.4 ce. Fenti ba ya gyara wannan. Sai dai a lura da kekunan Faransa: su fayif ɗinsu milimita 28 ne, don haka Peugeot PX-10 na gaske mai Reynolds 531 sandarsa takan zo 26.4 ko 26.6, kada a ƙaryata mai gaskiya.

Na biyu, faɗin gidan feda da tiredinsa, wato zaren da ake murɗa kofi a kai. Na Italiya faɗinsa milimita 70, a jikin kofinsa za ka ga an rubuta 36 x 24, kuma duka ɓangarorin dama suke ɗauruwa. Na Ingila faɗinsa 68, rubutunsa 1.37 x 24, kofin ɓangaren sarƙa kuma hagu yake ɗauruwa. Idan aka ce maka tsohon Colnago ne ka auna ka ga 68, magana ta ƙare. Sannan a ɗora firam ɗin a sikeli ba tare da fok ba: mai kyau matsakaici yakan tsaya wajen kilo 2, mai araha yana dosar kilo 3.

Wajen Raleigh dabararsa ta fi wayo, don ko fenti ba ya bukata. Ƙungiyar TI-Raleigh, wadda Joop Zoetemelk ya ci Tour de France da ita a 1980, launinta ja da rawaya da baƙi ne, kamfanin kuma ya yi kekuna masu araha da wannan launin don matasa masu sha'awa, irin su Raleigh Europa. Raleigh ne na gaske, amma ƙarfensa na gama-gari ne. Sai ya samo irin wannan cikin kayan gwanjo, ya wanke, ya manna masa sitikar 531 ko ma 753, ya ce na ƙungiya ne. Firam masu daraja irin na 'yan tseren a ƙaramin sashe na musamman da ke Ilkeston a Ingila aka haɗa su, wanda aka buɗe a 1974, waɗanda aka sayar wa jama'a lambarsu a ƙarƙashin gidan feda tana farawa da SB. Shi kuwa Reynolds 753, a lokacin kamfanin ba ya sayar wa maƙeri sai ya ci jarrabawar iya haɗa shi, don zafi kaɗan ya wuce kima ƙarfen ya lalace. Abin da ake wa irin wannan tsantseni ba ya zuwa da datsattsun kunnuwa. Bianchi ma haka ne, launin nan nasu mai tsakanin shuɗi da kore sun shafa shi a kekuna masu tsada da masu araha, launi kaɗai ba ya faɗa maka wanne ka riƙe.

Duk wannan asarar kuɗi ce, ana iya haƙuri da ita. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne abin da na gani a ƙarƙashin fentin firam ɗin yaron nan. Da na shafa tafin hannu a ƙasan fayif na sama da na ƙasa, daf da wuya, na ji wani ɗan tudu. Duk keken da ya taɓa yin karo da gaba, nan ne yake tattarewa. Na kawo mayen ƙarfe na bi wurin da shi, yana kamawa da ƙarfi ko'ina, da ya zo nan sai ya saki. Muka kankare da wuƙa, sai ga fila irin ta masu gyaran jikin mota tana zubowa fara, a ƙarƙashinta ƙarfen ya yamutse, ga siririn tsagu ya fara zagaye bakin mahaɗa. Fok ɗin ma an miƙar da shi ne da ƙarfin tsiya, ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya komawa baya. Keken tsere a gangara yana gudun da idan wuya ya rabu da jiki fuskar mutum ce za ta fara isa kwalta. Wanda ya shafa filar nan ya ga tsagun da idonsa kafin ya rufe shi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya taɓa zura hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa an rufe da busasshe, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Wancan abinci ne, wannan kuwa ran ɗan mutane ne.

Shi ya sa ni a wajena tsohon firam mai sabon fenti abin tuhuma ne har sai an nuna hotonsa kafin a fesa. Mai gyara na gaskiya yana alfahari da waɗannan hotunan, zai nuna maka ƙarfen tsirara bayan an kankare, da inda aka cike, da inda aka canza fayif. Tsohon fenti mai ƙuje-ƙuje da ɗan tsatsa a sama ya fi mini kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, domin komai a bayyane yake. Akwai kuma gwajin zare da ba ya cin ko sisi: ɗaura zare a kunnen baya ɗaya, zagayo da shi ta wuya, ka dawo da shi ɗaya kunnen, sannan ka auna tazarar zaren da fayif ɗin sirdi hagu da dama. Idan sun bambanta sosai, firam ɗin ya karkace.

Na ji kuma yana karɓar aikin gyara, ya ce a aiko masa tsohon keke ya mayar da shi sabo. Wanda ya aika da keke mai giya da birki da kurank na Campagnolo, sai ya dawo masa da fenti mai ƙyalli da kayan araha, a ce masa tsofaffin sun mutu an zubar. Ba a zubar da su. Waɗannan kayan sau da yawa sun fi firam ɗin kansa kuɗi. Duk wanda zai ba da kekensa gyara, ko wa zai ba, ya ɗauki hoton kowane ƙarfe da rubutun jikinsa, ya kuma ce a dawo masa da duk abin da aka cire.

Kafin ka tura ko naira ɗaya, sa hotunan tallar a Google Lens, mai binciko inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Da yawa daga cikin nasa za ka tarar da su a tsofaffin tallace-tallacen Turai, shi ya sa abin da ke zuwa a kwali ba ya kama da na hoto. Ka ce ya kira ka ta bidiyo, firam a hannunsa, ya juya maka ƙarƙashin gidan feda ka karanta lambar, ya nuna kunnuwan baya da kan fok, ya sa ma'auni a ramin sirdi kana gani. Mai kaya na gaske minti biyar ya ishe shi. Shi kuwa nan take netwok zai lalace, ko kaya suna sito, ko yaron shago ya tafi da makulli. Duba kuma ko sunan da ke kan asusun banki ya yi daidai da wanda kake magana da shi, don yakan ce na ƙaninsa ne ko na matarsa. In kaya suna wani gari, nemi ɗan uwa ko aboki a can ya je ya gani da idonsa da ma'auni a aljihu, a biya hannu da hannu.

Waɗanda suka riga suka tura kuɗi, kada kunya ta sa ku yi shiru, shirun ne yake ba shi damar komawa wani zauren da sabon suna. Ku adana hirar gaba ɗaya da saƙon murya da shaidar tura kuɗi da lambar asusun tun kafin ya goge, ku je bankinku da gaggawa ku shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ku kai wa 'yan sanda ko EFCC. Ku sanar da masu kula da zauren da kuka gan shi. Wanda kuma firam ya riga ya iso hannunsa, don girman Allah kada ya ɗaura masa taya ya hau, kada kuma ya sayar wa wani don ya rage asara. A kankare fentin wuya da na fok tukuna, a kai wa wanda ya san ƙarfe ya duba.