Ƙwayar ƙarin jini da taurin bayan gida: yadda ake kula da tsofaffi a Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan su Inna suna lafiya, ga bayanin da kika nema a kan abin da ake yi a nan Ingila idan ƙwayar ƙarin jini ta ɗaure wa tsoho ciki, kamar yadda nake gani a gidan kula da tsofaffin da nake aiki.

Ƙwayar kanta ba ta fi ta gida ba, domin ferrous sulfate ɗin da ake bayarwa a nan shi ne fasolet ɗin da ke kowane kemis a Kano, mai miligiram 200, wanda ke ɗauke da miligiram 65 na sinadarin ƙarfe. Yadda ake shan ta ne ya bambanta. A gida mun saba da sau uku a rana, amma tun 2021 ƙungiyar likitocin ciki ta Birtaniya ta ba da shawarar ƙwaya ɗaya a rana, idan kuma ta dami mutum, a koma shan ta yau a tsallake gobe, saboda hanji ba ya iya zuƙar ƙarfe mai yawa a jere, ragowar da ta tsaya a ciki kuwa ita ke jawo tauri da baƙin bayan gida. Baƙin bai zama abin tsoro ba, sai idan ya zo da danƙo da wari mai tsanani, wanda kan nuna zubar jini a ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a barin tsoho da ƙwaya kawai. Idan gwaji ya nuna ƙarancin ƙarfe, likita yakan tura shi a leƙa cikinsa da hanjinsa da na'ura, don gudun kada gyambo ko ciwon daji ne ke shan jinin a ɓoye. Bayan makonni kaɗan a sake awon jini, wanda jikinsa ya ƙi ƙwayar gaba ɗaya kuma a sa masa ƙarfen ta jijiya. Sai dai samun ganin likitan kansa yana buƙatar haƙuri, layin leƙa hanji kuwa ya fi tsawo.

Idan cikin ya ɗaure, akan rubuta maganin sassauta ciki, kamar ruwan lactulose, ko garin macrogol da ake damawa a ruwa, ko ƙwayar senna, wadda daga filasko ake yin ta, sai dai a nan an auna ta, ba a jiƙa ta da ka kamar yadda ake yi a gida har tsoho ya galabaita da gudawa. Wanda ya kai shekara 60 ba ya biyan ko sisi, mu kuwa fam 9.90 muke biya a kan kowane magani da likita ya rubuta.

A ɓangaren abinci kam kun fi mu nesa ba kusa ba. Kuɓewa da gwanda a nan sai an je shagunan Indiyawa ko na 'yan Afirka, da tsada, ɗanyen zogale kuwa ba ko'ina ake samunsa ba, shi ya sa busasshen 'ya'yan itace da farau-farau na alkamar Turawa ake ɗora wa tsofaffi. Ki yawaita wa Inna miyar kuɓewa da alayyafo da wake, ta riƙa shan ruwa sosai tana ɗan tattaki, kuma kada ta haɗa ƙwayar da shayi ko madara, domin suna tare ƙarfen. Maganar rage yawan ƙwayar kuwa, likitan da ya rubuta mata za ki tuntuɓa kafin a canza komai.