Yashin akwatin murjani: wanda ake tsotsewa da wanda ake ƙyalewa

Ɗan'uwa, ka ce yashin da ke ƙasan akwatin gilashin da kake kiwon murjani mai rai da kifin teku a ciki ya kai zurfin santimita 7, ya fara duhu ta jikin gilashi, wasu sun ce ka tsotse shi, wasu kuma sun ce ko kusa kada ka taɓa. Kowannensu da gaskiyarsa, sai dai ba a kan yashi iri ɗaya suke magana ba.

Masu cewa ka tsotse, shimfiɗa marar zurfi suke nufi, santimita 2 zuwa 5. Irin wannan shimfiɗar, iskar oksijin tana ratsa ta har ƙasa. Amfaninta ado, sai kuma makwancin kifaye irin su Halichoeres da ke shigewa cikin yashi da dare. Kashin kifi da ragowar abinci nan suke taruwa, in an bar su naitiret da fosfet, sinadaran da ruɓewar datti ke saki cikin ruwa, su hau, gansakuka ta samu na ci. Maganinta tiyo. Ranar canjin ruwa ka dasa bakin bututun a cikin yashin, ka ɗan matse tiyon da yatsa don jan ya ragu. Za ka ga yashin ya tashi yana juyi cikin bututun ya sake zubowa, ruwa mai ƙasa-ƙasa ya wuce bokiti. Ba a gama akwati a rana ɗaya. Kwata wannan makon, kwata mako mai zuwa.

Masu cewa ka ƙyale kuwa, shimfiɗa mai zurfi ce a ransu, santimita 10 zuwa 15, da yashi mai laushi wanda ƙwayarsa ba ta kai milimita 1 ba. A nan da gangan ake son oksijin ya yi ƙaranci a can ƙasa, domin can ne bakteriyar da ke mayar da naitiret iskar naitirojin take zaune. Ƙananan kumfan da ake gani a maƙale tsakanin yashi da gilashi sau da yawa aikinta ne. Masu sharar wannan shimfiɗar tsutsotsi ne da wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ke kai da kawowa a cikinta. Ka soka tiyo har ƙasa, ka rushe musu gida ke nan. Abin da ya fi muni, inda datti ya ruɓe babu iska akan samu baƙin tabo mai ɗauke da iskar haidirojin salfayid. Da ka tono shi hancinka zai gaya maka, warin ruɓaɓɓen ƙwai ne, kuma guba ce ga kifi da murjani. Shi ya sa ba a wuce santimita ɗaya ko biyu na sama.

Dodon koɗi irin Nassarius da Cerith suna wa kowace irin shimfiɗa amfani. Tauraron teku, wato halittar ruwa mai siffar tauraro, irin mai tonon yashi ne ban yarda da shi ba: yana cinye halittun da shimfiɗa mai zurfi ta dogara da su, ya ƙarar da su, shi ma yunwa ta kashe shi. Kifin Valenciennea kuma gwanin tsabtace yashi ne, amma murjanin da ke ƙasa zai sha watsin yashi.

To naka fa? Santimita 7 tsaka-mai-wuya ce. Ya yi zurfin da zai ɓoye datti, bai kuma kai zurfin da zai riƙa rage maka naitiret yadda ya kamata ba. Da ni ne, rage shi zan yi zuwa wajen santimita 4, in koma tsotsa. A hankali dai: kana kwasar na sama kaɗan-kaɗan duk ranar canjin ruwa, cikin makonni. Kafin ka fara, duba duwatsun da ke cikin akwatin da kyau. In a kan yashi suke zaune ba a kan gilashi ba, kana rage shi za su goce.