Makero da ƙyasbin da suka ƙi jin magani: ina ya kamata ka kai kuɗinka?

Wata 14 na yi ina susa a matsematsi da ƙasan cibiya, kuma kusan duk kuɗin da na kashe a kemis ɗin unguwa suka tafi. Kullum yaron shagon sai ya miƙo min man nan da ake cewa mai aiki uku, ya ce, "Yallaɓai, wannan kwana uku ne." Gaskiyarsa, kwana uku ƙaiƙayi ya kwanta. Ina dainawa sai makeron ya dawo da faɗinsa kamar faifai, fatar wurin ta yi fari ta yi laushi, har da nankarwa.

Sai daga baya likita ta karanta min jikin kwalin. Akwai clobetasol a ciki, wani kuma betamethasone, sinadarin sitiroyid ke nan, irin wanda masu bilicin ke nema. Yana kwantar da ƙaiƙayi, amma yana raunana garkuwar fata, sai ƙwayar fungas, wadda ke kawo makero, ta samu wurin miƙe ƙafa. Duk man da ka ga ɗaya daga cikin sunayen nan a jikinsa, mayar wa mai shagon abinsa.

Mai maganin gargajiya da ke yawo da lasifika a tasha, magani ɗaya na basir, sanyi da makero, ba sai na ɓata bakina ba. Asibitin kuɗi kuwa akwai sauri da sanyin ɗaki, amma kuɗin ganin likita kaɗai zai iya cinye na maganin.

Ni dai asibitin gwamnati mai sashen fata nake ba kowa shawara. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin fata na Bela, a Zariya akwai na Shika. Za ka yi sammako, za ka yanki kati, za ka zauna a benci har ɗuwawu ya yi tsami. Amma za a kankare ɗan ɓawon fatar a duba a madubin likita, a tabbatar fungas ne kafin ka sayi ko ƙwaya ɗaya. Wannan gwajin shi ne arahar, domin ba duk ƙaiƙayi ne makero ba. Kuma idan abin yana yawan dawowa, za su auna maka suga, su yi gwajin HIV, tunda su ne kan sa fungas ya zauna daram. A nan aka gaya min cewa makeron kan yara ba ya jin man shafawa, sai an sha griseofulvin na mako 6 zuwa 8. Na farcen ƙafa kuma terbinafine ake sha kusan mako 12. Mai katin inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jiha, ya tambaya tun a tagar magani ko nasa na cikin jerin waɗanda ake rage wa kuɗi. Wanda ya gama maganin tibi amma tari da jini ya ƙi tsayawa, shi ma ya nemi a duba masa fungas na huhu, irin wanda funfuna ke jawowa. Itraconazole ake sha aƙalla wata 6, ba abin kemis ba ne.

Sai maganar jabu, wadda ta fi ci min tuwo a ƙwarya. Ka fito daga wurin likita da takarda mai kyau, ka je ka sayi alli. Na taɓa sayen terbinafine mai rahusa, na ɓare katin sai ƙwayar ta dagargaje a hannuna kamar garin rogo. Duba lambar NAFDAC, duba ranar lalacewa, ka tabbata lambar da ke jikin kwali ita ce a jikin katin ciki. Idan akwai wurin kankarewa a tura saƙo, kankare a gaban mai shagon, kada ka ji kunyarsa. Kada ka yarda a sayar maka da ƙwaya tsirara a leda. Tun da aka tayar da 'yan magani daga kasuwar Sabon Gari ta Kano zuwa Dangwauro a 2024, wasu ke ta raɗa wa mutane cewa suna da sauran kaya a gida a rabin kuɗi. Ka tambayi kanka wata nawa kayan suka yi a zafin ɗaki.

Kuma ko wa ya ba ka ƙwayar ketoconazole ta sha don ƙyasbi, kada ka haɗiya sai da izinin likita. Tun 2013 hukumomin magani a Turai da Amurka suka taka mata birki saboda tana taɓa hanta. Sabulun wanke kai da man shafawarta ba su cikin wannan gargaɗin.