Allon simintin da muke yi wa gidaje riga da shi a Amurka

Assalamu alaikum Yaya, ya aiki ya iyali, a gaishe min da su Inna. Hoton nan da na turo maka ka ce katako ne muka jera a jikin gidan har kana mamakin yadda gara ba ta cinye musu gidaje, toh wallahi ba katako ba ne, siminti ne. Nima farkon zuwana Ohio haka na ɗauka sai da na ɗaga guda ɗaya na ji nauyi a kafaɗa. Tunda kai birkila ne shekara da shekaru nasan za ka gane abin da zan faɗa fiye da kowa.

Gidajen nan galibinsu ba bulo a ciki. Kafinta ne ke tada gida da katakai a tsaye, tsakanin wannan da wancan inci 16, wani lokaci 24, sai a rufe da faffaɗan allon katako, a nannaɗe shi da wata farar leda mai hana ruwa shiga amma tana barin danshi ya fita, Tyvek aka fi sani. Bayan nan ne namu aikin ke farawa, wato saka wa gidan riga, su suna ce masa saidin. Abin da filasta ke yi a jikin bulo a wurinka shi wannan ke yi a nan, ba ya ɗaukar nauyin gida ko kaɗan, aikinsa kawai tare ruwa da rana da ƙanƙara.

Akwai na roba wanda ya fi araha amma wuta na matsowa kusa yake narkewa, akwai na katako zalla, sai wannan da muke ce wa faiba siminti. Siminti ne da yashi mai laushi da zaren itace irin wanda ake takarda da shi, a kwaɓa da ruwa a matse a masana'anta har a buga masa zanen jijiyar katako a fuska, shi ya ruɗe ka a hoto. Ba ya cin wuta, gara ba ruwanta da shi. Kuma kasan ɗan uwan waye? Silin asbesto ɗin nan da muka taso muna gani. Wani mutumin Ostiriya Ludwig Hatschek shi ya ƙirƙiro haɗa siminti da asbesto wajen 1900, da aka tabbatar asbesto na kashe mutane sai aka koma zaren itace a shekarun 1980. Kamfanin James Hardie da ya samo asali a Ostireliya tun 1888 shi ya mamaye kasuwar nan har ma'aikata ba sa cewa komai sai Hardie, ko da na wasu kamfanonin ne irin Nichiha ko Allura.

Kowane falle tsawonsa ƙafa 12, kaurinsa bai kai rabin inci ba, milimita 8 ne kusan. A bango ƙarfi gare shi amma a hannu kamar biskit, idan ka ɗauke shi a kwance tsakiyar ta lanƙwasa sai kaji ƙas. Satina na farko na karya biyu kafin oga ya nuna min a tsaye ake ɗauka ta gefe, kuma mutum biyu. Ba a barinsa a ruwan sama kafin a kafa, in ka kafa shi da danshi idan ya bushe sai ya tsuke mahaɗar ta buɗe baki.

Yanka shi ne maganar da ta sa na zauna rubutun nan gaskiya. Ranar da na fara ganin an saka masa zarton lantarki ba tare da injin zuƙar ƙura ba, cikin daƙiƙa kaɗan farar ƙura ta turnuƙe wajen, mai yankan ya ɗago gira da gashin baki fari fat, kuma ni kai na tuna Yaya, yadda kake dawowa gida in kun yi yankan tayil ko bulo. Wannan ƙurar yashi ce da ta niƙe, silika, wadda ta fi cutarwa ma ido ba ya ganinta, tana shiga can ƙasan huhu ta zauna ta yi tabo, cutar ana ce mata silikosis kuma ba ta da magani, sai bayan shekaru mutum ya fara haki ko tsani ya hau. Amurkawa sun sha wuyarta, a farkon shekarun 1930 ɗaruruwan lebura, yawancinsu baƙar fata, sun mutu da ita bayan haƙa ramin Hawks Nest a West Virginia. Yanzu hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata ta fitar da doka a 2016 aka fara aiki da ita a wuraren gini a Satumban 2017, ƙurar silika kar ta wuce maikrogiram 50 a kubik mita ɗaya na iska a awa 8 na aiki. Ba wai kowane ɗan kwangila ke bi ba, akwai masu gaggawa a nan ma, amma dai akwai dokar kuma ma'aikaci na da inda zai kai ƙara.

Mu hanya uku muke yanka. In falle ɗaya ne ko biyu sai ka ja masa layi da wuƙa mai bakin kabaid, wani abu mai tauri fiye da ƙarfe, sau biyu uku ka karya kamar gilashi. Akwai almakashin lantarki, shi na fi so wallahi, yana tafiya yana fitar da wani siririn zare mai nannaɗewa yana faɗuwa ƙasa, kusan ba ƙura, sai dai ba shi da sauri kuma bakin ba ya fita sumul sosai. Sai zarton lantarki mai faifai na musamman, haƙori 4 kacal masu bakin daimon, a jona masa tiyo zuwa injin zuƙa, a waje ake yi ba cikin ɗaki ba, ka kifa allon fuskarsa na ƙasa don kar ta ɓantare, ka tsaya inda iska za ta kwashe ragowar ta yi gaba da ita. Faifan katako na yau da kullum in ka saka masa kafin azahar ya dakushe. An tashi aiki kuma ba a share wajen da tsintsiya a bushe, ko a zuƙe ko a yayyafa ruwa.

Kafawa daga ƙasa ake farawa. A fara buga wani siriri mai faɗin inci 1 da kwata a gindi don layin farko ya ɗan karkato kamar sauran, a daidaita da lebul domin in na farko ya karkace har sama haka za a tafi. Kowane falle yana hawa kan na ƙasansa da aƙalla inci 1 da kwata. Ƙusa a sama ake bugawa kamar inci 1 daga baki yadda falle na gaba zai rufe ta, shi yasa ba ka ga ko ɗaya a hoton ba, kuma dole ta sami katakon da ke tsaye a ciki, dole ta zama mara tsatsa. Da bindigar ƙusa muke yi, kan ƙusar ya kwanta daidai da fuska kar ya nutse. Akwai ranar da iskar kwamfireso ta yi yawa ƙusoshin suka nutse a layi kusan huɗu, oga ya zo ya shafa da yatsa bai yi faɗa ba ya ce a gyara duka, rabin yini ya tafi a nan.

Abin da ya fi ɗaure min kai da farko shi ne giɓin da ake bari da gangan. Mu an koya mana a toshe ko'ina, su kuma sun yarda ruwa sai ya shiga ko ta yaya, don haka sai a bar masa hanyar fita. Inci 6 tsakanin allo da ƙasa, inci 2 tsakaninsa da rufi ko daɓe a irin yankinmu mai ƙanƙara, saman taga a saka ɗan kwano mai lanƙwasa a bar kwatan inci kuma ba a cika wannan da gam, amma inda ya haɗu da firam na kusurwa a bar rabin kwatan inci a cika da gam. Bayan kowace mahaɗa a zura ɗan falle mai hana ruwa. Duk bakin da ka yanka sai ka shafa masa fenti domin ta nan yake shan ruwa, in sanyi ya zo ruwan ya daskare ya fasa shi.

Duk wannan a rubuce yake cikin takardar da ke zuwa da kayan, da zane da lamba, kuma garantin shekara 30 da Hardie ke bayarwa a kanta ya rataya, fentin masana'anta kuma shekara 15. Wanda bai zo da fenti ba an ce a fente shi cikin kwana 180. In ka saɓa, abu ya lalace, wakilinsu zai zo da tef ya auna ya ce laifin mai kafawa ne. Nan ne na ga bambanci da aikinmu, kai buhun siminti kawai ake miƙo maka, kwaɓi da awon yashi duk a kanka da amanarka, in bango ya tsage ba wanda za a nema sai kai. Kuma kayan aikin da ba ka da shi kana iya hayarsa na yini a manyan shagunan kayan gini irin Home Depot.

Amma kar kaji na yabe shi ka ɗauka ya fi bulo. In ka ƙwanƙwasa bangon nan kaji holoƙo ne, ni har yau ginin da ka tada da hannunka ya fi kwanta min a rai, kuma a kan bulo mai filasta mai kyau ban ga abin da wannan zai ƙara maka ba sai ado.

Takunkumin N95 kwali biyu na saya zan ba mai tahowa ya kawo maka, ka raba wa yaranka ma, ƙyalle ko hankici ba ya tare wannan ƙurar. In za ku yanka tayil ko bulo dan Allah a riƙa zuba ruwa a bakin faifan, tsohon silin asbesto kuma kar ka bari kowa ya saka masa inji. Tarin nan da Inna ta ce kana yi da dare kaje asibiti a ɗauki hoton ƙirji, ka faɗa wa likitan irin aikin da kake yi da shekarun da ka yi a ciki, zan kira ka ranar Lahadi in ji me suka ce.