Gargaɗi ga masu mota: damfarar "kalifar baya ta kama"

'Yan'uwa masu mota, a yi hattara da wata damfara da wasu ɓata-garin kanikawa ke yi da birkin baya. Ba dukan kanikawa nake nufi ba, akwai masu amana da yawa. Amma waɗannan sun gano cewa yawancinmu ba mu taɓa leƙa bayan taya ba, kuma da an ambaci birki sai gaban mutum ya faɗi, ya biya duk abin da aka yanka masa.

Ga yadda take farawa. Ka kai mota juyen mai ko gyaran taya, sai a ce za a duba maka birki kyauta. A cire tayar baya, a kira ka, a nuna maka faifan birki ya yi ja da tsatsa, a juya shi ka ji yana ɗan gogawa. Daga nan sai hukunci: kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalman birki a kan faifai, ta kama ta ƙi saki, faifai ya mutu, in ba a canza su yau ba kada ka kuskura ka hau babbar hanya da iyalinka.

Tsatsar nan ba shaida ba ce. Faifan birki baƙin ƙarfe ne na zubi, ruwan sama na dare ɗaya ko wankin mota ya isa ya sa fuskarsa ta yi ja, kuma taka birki kaɗan a kan hanya yana goge ta. Ɗan gogawar ma haka aka ƙera abin, domin takalman birki ba sa nisa da faifai ko da ka ɗage ƙafa. Abin da ke nuna faifai ya ƙare shi ne kauri. Masu ƙera shi suna buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a jikinsa, galibi bayan haruffan MIN TH, da lamba a milimita. Ka ce a auna a gabanka da maikiromita, wato ma'aunin kauri, a wurare daban-daban na inda takalmi ke gogawa, ba a kan ɗan tudun da ke bakin faifai ba. Takalmin birki kuwa sabonsa yakan kai kusan milimita 10, a kan canza shi in ya sauka wajen milimita 3. Duk wanda ya ce maka faifai ya mutu alhali bai ɗauki ma'auni ba, da baki kawai ya kashe shi.

Kalifa takan kama da gaske, ba na musun wannan. Sai dai sau da yawa laifin ba na jikinta ba ne, na filoli biyun nan ne da take zamewa a kansu. In robarsu ta yage, ruwa da ƙura su shiga, giris ya bushe, sai su ƙi motsi, ka ga takalmi ɗaya ya cinye ɗayan yana nan da kaurinsa. Maganin shi ne a zare su, a wanke, a shafa giris ɗin silikon, a sa sabuwar roba. Giris na gama-gari yana kumbura robar, sai abin ya dawo. Wani lokacin kuma tiyon man birki ne ya ruɓe daga ciki, yana tura mai amma ba ya barinsa ya koma. Gwajinsa ba wuya: in aka ɗan kwance ƙaramin notin fitar da iska na jikin kalifa, sai taya ta saki nan take, to fistan da ke tura takalmi a cikin kalifar lafiyarsa ƙalau, a nemi matsalar a tiyo.

To a nan ne cutar take. Mayaudarin zai yi maka wannan ƙaramin aikin na filoli, ya wanke tsohuwar kalifarka, ya fesa mata fenti, ya mayar, ya karɓi kuɗin sabuwa. Motar ta daina gogawa, kai kuma ka tafi kana sa masa albarka. Faifai ma haka: a kankare tsohon a inji har ya yi sheƙi, a ce sabo ne. Faifan da aka kankare ya gaza kaurin da aka rubuta yana saurin zafi, birki ya rage kamu a gangara, yana iya tsagewa ma.

Akwai kuma waɗanda su da hannunsu suke lalata kalifar. A motocin da birkin hannu ke aiki ta cikin kalifar baya, fistan yana da zare a ciki, za ka ga 'yan ramuka a fuskarsa. Murɗa shi ake yi ana dannawa da abin aikinsa na musamman. In aka matse shi da ƙarfin tsiya kamar na gaba, kayan cikin sun tashi aiki. Motoci masu birkin hannu na lantarki kuwa sai an sa su a yanayin gyara, yawanci da kwamfutar duba mota, kafin a taɓa fistan. Mutum ya ɓata, sannan ya fito yana cewa ai haka ya tarar da ita. Don haka kafin ka miƙa makulli, ja birkin hannu a gaban kanike ku shaida tare yana riƙe mota.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne toshe layin man birki. Kalifa na yoyon mai, maimakon a canza robobinta ko ita kanta, sai a matse tiyo ko a cusa wani abu a bakin bututun, yoyo ya tsaya, a karɓi kuɗin gyara. Motar ta koma tafiya da birki uku ke nan, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ka taka da ƙarfi ta fizge gefe. Bayan ka ɗan yi tafiya kana taka birki, kusantar da hannu ga tayoyin baya biyu, kada ka taɓa faifan don yana ƙuna. In ɗaya na fitar da ɗumi ɗayan sanyi ƙalau da tsatsarsa ba ta goge ba, wannan gefen ba ya aiki.

In har za a canza wani abu, ɗauki hoton kalifa da faifai tun suna jikin mota, ka yi musu wata 'yar alama da ƙusa a inda ba ya gogawa. A nuna maka sabon kaya a kwalinsa kafin a ɗaura, a rubuta lambarsa a rasit, a ba ka tsohon ka tafi da shi. Kwali kaɗai ba tabbaci ba ne, masu jabu suna buga sunan Bosch ko Brembo yadda suka ga dama, don haka duba lambar da ke jikin ƙarfen ta dace da ta kwalin. Faifai da takalma ana canza su hagu da dama tare. Man da za a ƙara ya zama irin wanda aka rubuta a murfin tankinsa, DOT 3 ko DOT 4 a yawancin motoci, daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka. Kafin ka fita daga gareji, taka birki sau da yawa mota na tsaye har ya yi tauri, in ya ci gaba da nutsewa ƙasa kada ka motsa ta.