Sharhi a kan darasin zanen karce da na halarta a Damagaram

Wani mai zane a unguwar Birni yana koya wa sababbin shiga zanen karce, wato a ɗauki allurar ƙarfe mai tsini a karce hoto a kan faranti, a cika karcen da tawada, sannan a matse shi da inji a kan takarda mai danshi. Na halarci darasin tare da wasu matasa, kuma a ganina ya cancanci kuɗin da aka biya, ko da yake akwai gyara.

Abin da ya fi burge ni shi ne malamin bai ɓata lokaci wajen koyar da zane ba, ya mai da hankali kan abin da ya bambanta wannan fasaha da sauran. Idan allura ta ratsa faranti, ba ta kwashe abin da ta yanka, tana tura shi gefe ne kamar yadda garma ke ture ƙasa ta tada kunya, kuma wannan ɗan tudun da ya tashi a gefen karce shi ke riƙe mafi yawan tawada, ya ba layin laushi da duhu. Saboda haka yadda mutum ya karkata allurar da irin ƙarfin da ya sa su ne ke tsara kamannin hoton. Ba a buƙatar ruwan asid da wasu hanyoyin zanen bugu ke amfani da shi wajen cin faranti, abin da ya sa aikin ya dace da ƙaramin ɗaki. Ya kuma nuna mana hotunan aikin Rembrandt, mai zanen Holan da ya rasu a 1669, domin mu ga iyakar inda allura kaɗai za ta kai.

Mun fara da farantin roba mai haske da ake ganin abin da ke ƙarƙashinsa maimakon jan ƙarfe, kuma wannan dabara ce mai kyau, domin robar tana da araha, kuma ana iya ɗora ta a kan zanen fensir a bi sawu. Ni na zaɓi adon bangon wani tsohon soro na Birni. Hoto yana fitowa a juye, dama ta koma hagu, don haka wanda ya so sa rubutu, na boko ko na ajami, dole ya karce shi a juye.

Goge tawada shi ne inda na ga ƙwarewar malamin sosai. Bayan an shafe farantin baki ɗaya da tawada, ana goge shi da ƙyalle mai ɗan tauri, a hankali kuma a kewaye, sannan a ƙarasa da gefen tafin hannu. Wanda ya tsananta guga zai kwashe tawadar ya kwantar da tudun, wanda ya yi ƙasa-ƙasa kuma hotonsa zai fito da datti. Malamin yana bin kowa ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Sassauta hannu, ɗan'uwa," har hannun ya saba.

Gyaran da nake gani biyu ne. Injin matsewa ɗaya ne tak, kuma da yake lokacin hunturu ne, takardar da aka jiƙa tana bushewa kafin layi ya zo kan mutum, alhali busasshiyar takarda ba ta shiga cikin karce ta ɗauko tawada. Da an ajiye takardun cikin leda tun farko, da an rage asara. Sannan ba a gaya mana tun da wuri cewa tudun yana kwanciya da kowane bugu ba, har wasu suka ƙarar da bugunsu mafi kyau a kan takardar gwaji. A kan roba, ƴan bugu kaɗan ne ke fita da cikakken duhu.

Ina ba dukawa da masu zanen ƙwarya shawara su gwada, domin hannunsu ya riga ya san yanka layi. Sai dai kafin mutum ya biya, ya tambayi malamin ko za a bar shi ya riƙa amfani da injin bayan an gama darasi, tun da allura da roba suna samuwa a kasuwa, amma injin ba kowa ke da halin mallakarsa ba.