Fadar Konyak da gidan Hennessy: maƙwabta ne, amma ba asalinsu ɗaya ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko a gidan Hennessy aka haifi wani sarkin Faransa. A'a, gida biyu ne aka haɗa maka. Dukansu suna garin Konyak a bakin kogin Sharant, kuma sana'arsu ɗaya: konyak, wato barasar inabi da ake dafawa a tace sau biyu, sannan a ajiye ta a gangar katako aƙalla shekara 2. Ni tarihin ne ya dame ni, ba abin da ke cikin kwalbar ba.

Fadar Konyak ita ce mai jinin sarauta. Tun ƙarni na 10 akwai ganuwa a wurin. A cikinta aka haifi Faransuwa na Ɗaya a 1494, wanda ya hau gadon mulki a 1515. Daga baya sarauta ta juya mata baya, har ta koma kurkukun fursunonin yaƙi na Ingila, kuma rubuce-rubucen da suka sassaƙa a bango suna nan har yau. Da juyin juya halin Faransa ya zo, gwamnati ta ƙwace ta ta sa a kasuwa. Baron Otard, wanda kakanninsa suka fito daga Sikotlan, ya kafa kamfaninsa a 1795, ya saye ta a 1796. Ba kwalliyarta ce ta ja shi ba. Bangonta ya kai mita 3 a kauri, ga laimar kogi, don haka ɗakunan ƙasa ba sa sauya sanyi rani da damina, abin da ganguna ke so ke nan. A ganina cinikin nan ne ya ceci ginin, domin gidajen sarauta da yawa a wancan zamani rushe su aka yi aka sayar da duwatsun.

Hennessy kuwa ba shi da sarki a tarihinsa. Richard Hennessy soja ne ɗan Ayilan da ya yi wa Sarki Luwi na 15 aiki, ya shiga fatauci a 1765. Ƙarfin gidan yana ga kasuwa da riƙon sana'a: iyalin Fillioux ne ke haɗa musu barasar, ana gadon aikin sama da shekara 200. A 1971 suka haɗe da kamfanin giyar shamfen Moët & Chandon, a 1987 aka samu LVMH, babban kamfanin kayan alatu da Hennessy ke ƙarƙashinsa. Yau babu mai sayar da konyak kamarsu a duniya, shi ya sa sunansu ya shahara har Legas.

Fadar tana hannun kamfanin barasa na Bacardi yanzu, kuma a can ake yin konyak mai suna D'Ussé. Idan tarihin sarauta kake nema, ita za ka bi. Idan yadda baƙo ke gina kasuwanci ya kai jikoki ne, to Hennessy.